Ra'ayinmu: A Gyara Mudu Kafin A Auna Zukatan Mutanen Arewacin Zamfara

A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ƙasa, MSF, tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara, sun bi garuruwa da ƙauyukan Shinkafi da Zurmi suna auna damtsen yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Sun auna yara sama da 97,000, suka tarar kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa, wato fiye da yaro ɗaya cikin kowane huɗu. Adadi ne mai tayar da hankali, kuma da wuya a yi masa gardama, saboda ma'aunin da aka yi aiki da shi ba ya barin ƙofar musu. Ɗan tsiri ne mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro. In bai kai santimita 11.5 ba, ja ne, yaro na cikin haɗari. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, abin da ya haura kuma kore. Damtse ba ya jin kunyar baƙo, ba ya tsoron infoma, kuma ba ya rage kansa don a saka sunansa cikin masu karɓar tallafi.

To, uwar da ta riƙo yaron fa? Wataƙila da ƙafa ta baro ƙauyensu cikin dare. Wataƙila gonar gado aka sayar aka fanso mijinta, ko kuma an kai kuɗin fansar bai dawo ba. Abin da ke cikin zuciyarta ba shi da tsirin da za a zagaya masa. Abin da masana suke da shi a madadin tsiri shi ne takardar tambayoyi: a jero mata tambaya tara ko ashirin, a ba kowace amsa maki, a tara makin, a ce ga matsayin damuwarta. Irin waɗannan takardu sun yawaita a yankin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ƙungiyoyin agaji na yawo da nasu, haka ɗaliban manyan makarantun da ke kewaye, tun daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, zuwa Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka buɗe a 2013 da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ɗalibin da ya tashi a wannan yanki, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, babu batun da ya fi kusa da shi kamar illar rashin tsaro a kan manoma da 'yan makaranta da matan da aka raba da gidajensu.

Muna maraba da wannan himma. Tambayar da muke so a tsaya a kanta ita ce: da wane mudu ake awon?

Bari mu ɗauki takarda guda don misali, wadda ta fi kowace yawo a duniya wajen tantance ciwon damuwa. Sunanta PHQ-9, an fitar da gwajin ingancinta a Amurka a 2001. Tambayoyi tara ne a kan makonni biyu da suka wuce: ko mutum ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba, ko ransa a ɓace yake, yaya barcinsa, yaya cin abincinsa, ko yana iya tattara hankalinsa, har zuwa ta ƙarshe mai tambayar ko yana jin gara ya mutu. Kowace tambaya na da amsa huɗu, daga sifili zuwa uku, jimillar maki 27. Wanda ya kai 10 ana zaton yana buƙatar ganin likita. Akwai 'yan uwanta da dama: SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambaya ashirin da ake amsawa da e ko a'a, da ta Edinbara ta 1987 da ake yi wa mata bayan haihuwa, da waɗanda ake auna firgicin bayan masifa da su.

Masu goyon bayan a ɗauko waɗannan takardu a yi aiki da su kai tsaye suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Na farko, an riga an gwada su a ƙasashe masu yawa, har da Najeriya: an gwada PHQ-9 a kan ɗaliban jami'a a kudu maso yammacin ƙasar nan a 2006, aka ga tana aiki. Na biyu, kyauta ce, kuma cikin mintuna kaɗan ake gama ta, abin da ke da muhimmanci a asibitin da ma'aikaci ɗaya ke fuskantar layin mutum ɗari. Na uku, idan kowa ya auna da mudu ɗaya, za a iya jera Zurmi da Maiduguri da Sudan ta Kudu a ga inda wutar ta fi ci, kuma gwamnati da masu ba da agaji ba sa motsi sai sun ga lamba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa yawansu bai kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Da irin wannan ƙarancin, in ji su, da babu gara ba daɗi.

Akwai kuma hujja ta huɗu wadda ta fi sauran nauyi a wurinmu. An taɓa yin zamanin da likitocin mulkin mallaka ke cewa baƙar fata ba ya kamuwa da ciwon damuwa. J.C. Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya, ya tafi a kan ra'ayin cewa cutar ba ta cika samun mutanen Afirka ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa littafi a 1953. Wannan kuskure ya daɗe yana hana mutane magani. Saboda haka duk mai cewa takardun Turawa ba su dace da mu ba, ya yi hattara kada ya wayi gari yana maimaita tsohuwar ƙaryar da sabon baki, yana cewa Bahaushe mai tawakkali ne, damuwa ba ta kama shi. Tana kama shi, tana kwantar da shi, wani lokaci ma ta kai shi kushewa.

Mun yarda da duk wannan. Amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma akwai wurare da dama da rigar nan ta gaza.

Wuri na farko shi ne harshe. Kalma ɗaya ta Turanci da likita ke nufin cuta da ita, idan ta shigo Hausa sai ta tarar da jerin kalmomi kowace da mazauninta: damuwa, ɓacin rai, baƙin ciki, ƙunci, yawan tunani, zullumi, fargaba, faɗuwar gaba. Wanda ya yi asara a kasuwa ransa ya ɓaci, wanda aka yi wa rasuwa yana cikin baƙin ciki, wadda mijinta ke hannun 'yan bindiga tana cikin zullumi. Mai fassarar da ya zaɓi ɗaya ya bar sauran, ya riga ya yanke wa binciken hukunci tun kafin a fita fili. Abin da ya fi wannan muni shi ne a bar takardar da Turanci, a ce kowane mai tambaya ya fassara da baki a gaban wanda yake tambaya. In masu tambayar biyar ne, takarda biyar aka raba, ko da kuwa a rahoto an ce ɗaya ce. Sannan Hausar da ake rubutawa a ofis a Kano ko Abuja ba ita ce ta bakin tsohuwa a Moriki ba. Inda Bakano ya ce “me”, Bazamfare “mi” zai ce, “lafiya” kuma ta koma “lahiya”. Wannan na lafazi ne, mai sauƙin gyara. Mai wuyar ita ce kalmar da take kiran abin da ke cin ta da shi, wadda sai an zauna da ita za a ji. Kada kuma a manta da makiyayan da rikicin nan ya ɗaiɗaita, waɗanda da yawansu Fulatanci ne harshen zuciyarsu.

Wuri na biyu shi ne abin da tambayar ke ɗauka cewa kowa na da shi. Tambayar tattara hankali a PHQ-9 ta kawo misalin karanta jarida ko kallon talabijin. Matar da ke kwana a ajin makarantar firamare da 'ya'ya shida, wace jarida? Gara a tambaye ta ko takan manta raka'a nawa ta yi a salla, ko takan zuba gishiri sau biyu a miya. Tambayar cin abinci kuma an yi ta ne don mutumin da tuwo ke gabansa ya kasa ci. A ƙaramar hukumar da yaro ɗaya cikin huɗu ke da tamowa, wadda ta ce ba ta cin abinci sosai wataƙila babu ne, ko ta bar wa yara. Wanda ya ce ba ya barci, wataƙila sintiri yake yi, ko a daji yake kwana don tsoron a zo cikin dare. Dukansu za su tara maki, alhali abin da aka auna yunwa ce da rashin tsaro.

Haka takardun auna firgicin bayan masifa. An gina su ne a kan cewa masifar ta wuce, mutum ya tsira, amma jikinsa ya ƙi yarda. Sojan da ya koma gida yana zabura in ya ji ƙarar ƙofa, shi ne misalinsu. A kan hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi masifar ba ta wuce ba. Manomin da ke zabura in ya ji rugugin babura da yawa, wanda ya daina bin wata hanya, wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, hankalinsa ne ke aiki. Masana a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Gill Straker, sun lura da wannan tun 1987 lokacin wariyar launin fata, suka ce akwai bambanci tsakanin wanda masifa ta wuce masa da wanda ke cikinta kullum. Takardar da ba ta rarrabe waɗannan biyun ba, za ta mayar da taka-tsantsan cuta.

Wuri na uku shi ne yadda muke amsa tambaya. Ka tarar da Bahaushe a gadon asibiti ka ce masa yaya jiki, “da sauƙi” zai ce. Ka yi wa wadda aka kashe wa ɗa gaisuwa, “haƙuri sai ma'aiki” ko “mun gode Allah” za ka ji. Ba ƙarya suke yi ba, ladabi ne da imani, kuma an tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saurayi ɗan makaranta ya tsaya gaban dattijuwa sa'ar kakarsa, da biro a hannu, ya tambaye ta ko tana jin gara ta mutu, amsar da zai samu “subhanallahi” ce, kuma daga nan hirar ta mutu. In maigida na zaune a gefe, ko kishiya na jin abin da ake faɗa, an gama. A ɗaya gefen kuma, jama'ar da ta saba ganin ana rubuta sunaye kafin a raba shinkafa, in ta ga baƙo da takarda za ta zaci rajistar tallafi ce, kowa ya ƙara gishiri a labarinsa. Ga kunya na rage maki, ga sa rai na ƙara shi, kuma mai binciken da bai yi tanadin duka biyun ba bai san wanne ya rinjaya a lissafinsa ba.

Matakan amsar ma abin dubawa ne. Tsarin nan na “na amince ƙwarai, na amince, ban amince ba, ban amince ba sam” da ya samo asali daga ma'aunin Rensis Likert na 1932 ya zama jinin jikin ɗalibanmu. Amma mutumin da bai saba da jarrabawa ba, bambancin amsoshin PHQ-9 na “kwanaki kaɗan” da “fiye da rabin kwanakin” cikin mako biyu ba abu ne da yake lissafawa ba. Masu bincike a Nepal sun warware irin wannan da hoton kofunan ruwa, daga wanda babu komai zuwa cikakke. Mu da muke da tiya da kwano a kowane gida, me zai hana a nuna wa mutum hoton tiya wayam, da mai ɗan hatsi a gindi, da rabi, da cikakkiya, a ce damuwarka ta kai ina?

Wuri na huɗu shi ne wa aka tambaya. Ɗalibi ba zai shiga ƙauyen da 'yan bindiga suka ɗora wa haraji ba, kuma babu mai hankalin da zai tura shi. Zai tsaya cikin gari, a tasha ko bakin asibiti, ko ya tura tambayoyin ta WhatsApp. Waɗanda suka amsa masu waya ne, masu karatun boko, galibi maza matasa. Jihar da aka taɓa rufe layukan wayarta baki ɗaya a Satumbar 2021, wadda har yau wasu ƙauyukanta sai an hau tudu ake samun sabis, ba a auna ta ta intanet. Babu laifi a yi bincike a kan wanda aka iya kaiwa gare shi. Laifin shi ne a tambayi mutum 200 a cikin garin Ƙaura, a rubuta a bangon kundi cewa an auna mutanen arewacin Zamfara.

Ko da an kauce wa duk waɗannan ramuka, akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai karanta rahoto ya sani. A gwajinta na asali, PHQ-9 ta gano 88 cikin kowane 100 masu ciwon, ta kuma wanke 88 cikin kowane 100 marasa shi. Sakamako ne mai kyau. Amma a ɗauka gari ne mai mutum 1,000, kuma 100 ne ke da ciwon da gaske. Takardar za ta kama 88 daga cikinsu. Cikin sauran 900 kuma za ta yi kuskuren kama 108. Jimilla 196, kusan ninki biyu na gaskiya. Wani babban nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara bincike da dama, ya tabbatar da haka: inda takardar ta ba da kusan kashi 25 cikin ɗari, cikakkiyar hirar ƙwararru ta ba da kusan kashi 12. Takardar rariya ce ta tace waɗanda ya kamata likita ya gani. Wanda ya ɗauki makinta ya shelanta cewa kashi kaza na mutanen Zurmi na da ciwon damuwa, ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Sai kuma takardun da ɗalibai ke ƙirƙira da kansu, waɗanda su ne suka fi yawa. Duk wanda ya taɓa duba kundi a manyan makarantun ƙasar nan, kudu da arewa, ya san babi na uku da ka: an zana tambaya ashirin, malamai biyu sun duba sun ce ta yi, an gwada a kan mutum ashirin, lambar Cronbach ta haura 0.70, duk abin da matsakaicinsa ya kai 2.50 an karɓa. Lambar nan da Lee Cronbach ya bayyana a 1951 abu ɗaya take faɗa: ko tambayoyin na tafiya tare. Ba ta cewa suna auna abin da aka ce suna aunawa. Tiyar da aka bubbuga gindinta ciki za ta ba ka awo iri ɗaya yau da gobe da jibi, ba ta taɓa saɓawa, amma kullum a tauye. Sau da yawa ma tambayoyin da kansu ke jan mutum zuwa amsa. In ka ce wa ɗan Shinkafi “rashin tsaro ya jefa ɗalibai cikin damuwa”, wa zai ce bai amince ba? An tabbatar da abin da kowa ya sani, ba a ƙaru da komai ba. Ba ma sai mun yi dogon bayani a kan abin da ake raɗe-raɗinsa a kowace makaranta ba, na mai zama gindin bishiya ya cike takarda ɗari da biro kala uku.

Ba mu ɗora wa ɗalibi laifin duka ba. Shi aka ba wata uku, babu ko sisin bincike, hanya babu tsaro, malamin da ke duba shi na da wasu ɗalibai talatin. Tsarin da ya ce dole kowane ɗalibi ya kawo takarda ɗari uku cikakku, shi ya buɗe ƙofar gindin bishiya.

Abin farin ciki, ba yau aka fara neman mafita ba, kuma ba daga waje kaɗai ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikinsa. Binciken da ya yi da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, wanda ya fito a 1963, ya nemi sanin yadda Yarabawa da kansu ke kiran cututtukan zuciya. A Zimbabuwe, Vikram Patel da abokan aikinsa sun tattara kalmomin da marasa lafiya da masu magani ke amfani da su a harshen Shona, suka fitar da takarda mai tambaya 14 a 1997. Kalmar da ta fi fitowa ita ce kufungisisa, ma'anarta yawan tunani, abin da kowace tsohuwa a Zamfara za ta gane nan take. Da wannan takarda wani shiri na Dixon Chibanda ya yi aiki, inda aka horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna yana taimakawa. A nan gida ma, masu bincike a fannin gashin ƙashi a Jami'ar Bayero ta Kano sun fassara takardu da dama zuwa Hausa, har da SF-12 mai auna lafiyar jiki da ta zuciya a 2020, suka gwada su a kan mutanen birni da na karkara masu ciwon baya. Ke nan hanyar a share take.

Matakan ba ɓoyayyu ba ne. A fara da zama da mutane, mata daban maza daban, da ungozoma da liman da ma'aikacin asibitin ƙauye, a ji yadda suke siffanta wanda abin duniya ya dame shi. Mutum biyu su fassara takardar kowa shi kaɗai, wani na uku da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a ga inda ma'ana ta zube, kamar yadda Richard Brislin ya tsara tun 1970. A karanta wa mutum goma ko ashirin, bayan kowace tambaya a ce, “Baba, me ka fahimta da wannan?” A sake yi wa wasu tambayoyin bayan mako ɗaya ko biyu a ga ko amsa ta tsaya. A ƙarshe a haɗa makin takardar da hukuncin likitan ƙwaƙwalwa wanda bai ga makin ba, domin a san ko 10 ce iyakar da ta dace da mutanenmu, ko ƙasa, ko sama. Sai an yi wannan za a ce an gwada mudu.

Akwai kuma haƙƙin wanda ake tambaya, kuma a wurinmu ya fi ingancin lamba muhimmanci. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda rashin yarda ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a 2003 a wasu jihohi, har da Zamfara. Takardar tambayoyi ba allura ba ce, amma tana iya cutarwa. A yankin da zargin zama infoma ke iya jawo wa mutum kisa, takarda mai ɗauke da suna da ƙauye da bayanin wanda ya kawo hari da nawa aka biya, makami ce in ta faɗa hannun da bai dace ba. Ƙasar nan na da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya tun 2007, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dukansu suna aiki a Zurmi kamar yadda suke aiki a Abuja. Sannan wanda ya sa mace ta tono ranar da aka kashe mijinta a gabanta, ya tattara takardunsa ya hau babur, ya fama mata miki ya tafi. In ta amsa cewa tana jin gara ta mutu, ina za a kai ta? Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato tafiya ce mai nisa da kuɗi. Dole a san amsar wannan kafin a buɗe baki a yi tambayar.

Za a ce mana duk wannan tsada ne da ɓata lokaci, mutane kuma na cikin wahala yanzu. Amsarmu ita ce aikin sau ɗaya ake yin sa, kowa ya mora. Kuɗin da ake kashewa a taron bita guda a otal zai yi nisa wajen gwada takarda ɗaya yadda ya kamata. Lambar da aka samo da tauyayyen mudu kuma ba ta da arha: in ta yi ƙasa, gwamnati ta ce babu matsala, in ta yi sama fiye da hankali, a daina yarda da masu bincike gaba ɗaya.

Ga matsayarmu. Ba mu goyi bayan a watsar da takardun da aka aro ba. Ma'aikacin asibiti a Shinkafi ya ci gaba da amfani da su don tace wanda ke buƙatar kulawa, da sharaɗin fassara ɗaya ce rubutacciya a hannun kowa, mace ce ke tambayar mace, a keɓe, kuma akwai inda za a tura wanda aka gano. Amma ba mu yarda a riƙa shelanta makin takardar da ba a gwada a kan mutanen yankin ba a matsayin yawan masu cuta, ko a jarida ko a kundi ko a rahoton neman tallafi.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta haɗa Jami'ar Tarayya ta Gusau da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Gusau da asibitin Kware da ƙungiyoyin da ke aiki a Shinkafi da Zurmi, su fitar da gwadaddiyar takarda ɗaya ta Hausa, da muryarta a naɗe don wanda ba ya karatu, da ta Fulatanci, a sake su kyauta. Makarantu su yarda ɗalibi ya kammala da hira mai zurfi da mutum goma sha biyar na gaskiya, ko ya ɗauki gwada fassarar takarda guda a matsayin kundinsa, maimakon tilasta masa ɗari uku da ba zai iya samu ba. Malamai masu duba kundi su riƙa tambayar wa ya fassara, wa aka tambaya, wa aka kasa kaiwa gare shi, kafin su tambayi lambar Cronbach. Hakimai da dagatai kuma, duk mai takardar da ya zo neman izini, su nemi ganin shaidar kwamitin ɗa'a, su tambaye shi abin da zai yi wa wanda ya tarar cikin mawuyacin hali.

Addininmu ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye mudu, har sura guda aka saukar da sunan masu yin haka. Mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sun yi asarar dukiya da gonaki da 'yan uwa. In za a auna abin da ya rage a zukatansu, a auna da mudun da aka gwada, ko kuwa a faɗa a fili cewa ba a gwada shi ba.